Iyakar Tayoyi

Litinin, da hantsi

Kai da ka buɗe littafin nan ba da iznina ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa mini: ka taɓa tashi da safe ka tarar an rubuta NA GWANJO NE da jan fenti a bangon ɗakin da uwarka take kwana? In ba ka taɓa ba, ka karanta da bakinka a rufe.

Fentin ko bushewa bai yi ba da na fito. Na taɓa, ya kama mini yatsa. Umma ta fito da tsintsiya a hannu, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Auta, me aka rubuta?" Ni da na koya wa kaina karatu da tsofaffin jaridun da muke shimfiɗawa a rumfar faci, ni da ko kwalin magani ba ya wuce ni, yau na ce mata ai lambar masu wuta ce. Ta dube ni, ta ce, "Masu wuta ba sa rubutu da girma haka."

Bari in zayyana abin tun kaina bai fashe ba. Filinmu ɗaya ne, takardarsa ɗaya. Gidanmu yana can baya, gaban kuma wuri ne a buɗe mai kallon titi. Da ƙafar Baba ta hana shi tuƙin babbar mota, ga Yaya tana makarantar aikin jinya, sai ya sayar da gaban ga wani mai walda da kowa ke kira Tartsatsi. Ya ba da fiye da rabi, ciko kuma sai kasuwa ta buɗe. Ni na yi iyakar da hannuna: tsofaffin tayoyi na kwaso daga rumfata, na binne su rabi a ƙasa, jere daga wannan katanga zuwa waccan. Gaban tayoyi nasa, baya namu.

Daga baya ya zo ya durƙusa, wai masu wuta sun ce sai ya kawo takardar fili kafin su saka masa babbar mita. Na ce kada a ba shi. Baba ya ce, "Mutumin da yake gaishe ni safe da yamma?" Ya ba shi. Ashe banki ya nufa da ita, ya yi jingina. Takardar kuwa ba ta san da tayoyina ba. Ita a wurinta fili ɗaya ne, har da ɗakin Umma.

Yanzu shagonsa a kulle, wayarsa a kashe.

Litinin, da yamma

Baba ya jawo kujerarsa ya zauna yana fuskantar bangon. Boko bai dame shi ba, amma wanda ya yi rayuwarsa a kan hanya ya san abin da jan fenti yake nufi.

Na ce, "Baba, ai na faɗa." Da na sani ban faɗa ba.

Ya ce, "Ka faɗa, Auta." Shi ke nan abin da ya ce.

Laraba, da safe

Jiya ban rubuta ba. Akwai abin da ba zan sa a takarda ba, don kada in zo ina karanta shi wata rana.

Abin da zan iya rubutawa shi ne Mai Bulo. Shi ya ba Tartsatsi bulo da siminti da kwano bashi aka gina shagon. Da ya ji labarin gwanjo sai ya zo da motarsa da tsani, wai zai cire kwanonsa kafin banki ya haɗiye. Na tare shi a bakin titi da ƙarfen cire taya a hannuna.

Na ce, "Ƙusa ɗaya ka taɓa, sai dai a kwashe ɗayanmu. Ƙasar da shagon yake kai ba a gama biyan ubana ba."

Ya ce, "Kwanon da ke sama kuma ubanka ne ya saya? Kai yaro, bakinka ya fi ƙarfinka."

"Zo ka gwada ƙarfin."

Muna cikin haka Umma ta kira sunana daga cikin gida. Ba Auta ta ce ba, sunana na gaskiya ta kira, da wata murya da ban san ta da ita ba.

Ban san lokacin da mutumin ya jefar da tsanin ba. Ya riga ni shiga. Baba muka tarar a ƙasa. Shi ya kama shi ta kafaɗu, ni ƙafafu. Ya ture buhunan da ke bayan motar, ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa. A hanya yana ta danna oda, yana cewa, "Riƙe masa kai, riƙe masa kai, kada ka bari ya bugu." A asibiti shi ya san ƙofar da ake bi. Ya tsaya da mu har Yaya ta iso.

Da zai tafi na bi shi waje. Bakin nan nawa da ba ya rasa magana, ya rasa. Ya ce, "Kada ka gode mini. Kwanona yana nan, zan dawo."

Na gode duk da haka. A nan na rubuta, tunda ya hana ni faɗa.

Alhamis, da azahar

Kujerar tana nan inda ya bar ta. Ba wanda ya matsar.

Asabar, da la'asar

Jiya na je banki. Na sa rigata mai kyau, amma baƙin taya ba ya fita daga farce. Aka zaunar da ni a sanyi har haƙorana suka fara haɗuwa, sannan wani mai ƙaramar murya ya karɓe ni. Bai yi mini wulaƙanci ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi, don na zo da faɗana a shirye.

Ya ce su takarda suka sani. Wanda ya kawo takarda ya ci bashi, bai biya ba. Na ce akwai gida a ciki, da mutane. Ya juya wata takarda ya nuna mini rahoton mai duba fili da suka aika kafin su ba da bashin. Na karanta da idona: shago ɗaya a gaba, sauran wuri babu mazauni.

Babu mazauni.

Na tuna shi sarai. Wani dogo da tef ɗin awo a ƙugu. Ya zo da rana tsaka, gumi ya jiƙe masa riga. Tartsatsi ya ce mana daga wajen masu wuta yake. Ya tsallaka tayoyina, har takalminsa ya kama ɗaya ya yi tuntuɓe. Baba ya tashi ya ba shi kujerarsa. Umma ta kawo masa ruwa a kofin da ba ta ba kowa sai baƙo. Ya sha, ya nemi ƙari. Ya ce, "Mama, ruwanku akwai sanyi."

Na ce wa mai ƙaramar murya, "To aljanu ne suka ba shi ruwa?" Ya ce bai gane ba. Na ce zai gane.

Lahadi, da hantsi

Mai tsofaffin littattafai na bakin tasha ya ba ni aron wani ƙaton littafi kan dokar filaye. Na ce nawa, ya ce, "Je ka karanta, in ka zama alƙali ka tuna da ni." Na gode masa.

Na wuni a rumfa, taya a gabana, littafi a cinya. Na sami wurin da ya ce mai sayarwa da ba a gama biya ba yana da haƙƙi a kan filin har sai an cika masa. Na karanta wa Yaya da ƙarfi a barandar asibiti. Ta ce, "Auta, rage murya, nan ba kotu ba ce. Kuma je ka wanke hannu kafin ka shiga wurin Baba."

Na shiga. Na ba shi labarin littafin. Idonsa yana bina.

Talata, da yamma

Yaya ta haɗa ni da wata lauya, yayar ƙawarta. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani, fanka tana ƙara kamar tsohuwar mota. Na ajiye littafina a teburinta da ƙarfi, na buɗe inda na naɗe, na fara zuba. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta juya bangon farko ta nuna mini da biro.

"Ƙanena, wannan dokar wata ƙasa ce. Kuma littafin ya girme ka."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta yi dariya, amma ba irin mai ciwo ba. Ta ce, "Ka yi ƙoƙari. Tunanin da ka kamo ba banza ba ne, sai dai a nan ba haka kai tsaye ake yi ba. Zauna."

Ta zana mini a bayan ambulan. Mutum uku ne suka riƙe abu ɗaya. Baba yana bin cikonsa. Banki yana riƙe da takarda. Mai Bulo yana bin kayan gini. Kowa yana cewa shi ne na farko a layi. Ta ce wannan rigimar ta layi za ta iya jira. Abin da ba zai jira ba shi ne gidan. Dole a nuna cewa bayan filin ba a taɓa sayar da shi ba, kuma wanda ya yi jingina ya jinginar da abin da ba nasa ba.

"An rubuta cinikin?"

Na ce Baba da Tartsatsi hannu suka yi.

"Shaida fa?"

Na ce tayoyi.

Ta cire gilashinta ta dube ni. "Tayoyi ba sa magana. Babanku zai iya ba da bayani?"

Na kalli fanka.

Ta ce, "To. Sai mu nemi masu baki. Kuma kada ka bari kowa ya taɓa tayoyin nan." Na tambayi kuɗinta. Ta ce tayar motarta ta baya tana sace iska tun watan jiya.

Juma'a, da safe

An sallamo Baba. Yaya ta koya mini yadda ake juya shi, da yadda ake riƙe cokali ta gefen da yake jin daɗi. Umma ta rataya tabarma a kan jan rubutun, wai tana shanya.

Tabarmar a bushe take.

Litinin, da azahar

Yau na ga abin da ban taɓa zato ba daga mutanen layinmu, waɗanda kullum nake cewa gulma ce sana'arsu.

Wasu samari suka zo da diga da shebur, wai an aiko su su share wuri don masu saye za su zo gani, a cire wannan tarkacen. Tarkacen su ne tayoyina. Ina rumfa, yaron maƙwabta ya rugo ya faɗa mini. Na taho da gudu, raina ya riga ya gama yanke abin da zan yi, kuma da na yi shi da yanzu ba a gida nake rubutu ba.

Da na iso sai na tarar kowace taya da mutum a kai. Mai wanki da kwandonta. Tsohuwar da take sayar da gawayi. Tela ya fito da almakashi a wuya. Matar mai shayi tana ba jariri nono. Suna zaune a jere daga katanga zuwa katanga, suna hira kamar a gidan suna.

Babban samarin ya ce, "Iya, ku tashi mana, aiki aka sa mu."

Mai gawayi ta ce, "Ɗan nan, ƙafata ke ciwo. In za ka cire, ka cire da ni."

Tela ya ce, "Ni tun da aka binne ta nake zama a nan. Har ta ɗauki siffata."

Suka tsaya, suka yi waya, suka tafi. Mai wanki ta dube ni, ƙarfen taya a hannuna, ta ce, "Kai kuma mai da wannan abin inda ka ɗauko. Uwarka tana da majinyaci ɗaya, ya ishe ta."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gode. Tela ya ce a rubuta ranar, yau Auta ya yi magana ba zagi a ciki. To ga shi na rubuta.

Laraba, da yamma

Matar Tartsatsi ta zo da 'ya'yanta biyu. Na tare ƙofa. Na ce mata abubuwan da ba zan maimaita ba. Ta tsaya tana ji, ba ta ɗaga kai ba. Umma ta fito ta ture ni gefe kamar labule, ta kama hannun yaran.

"Sun ci abinci?"

Ba su ci ba. Mai gidan haya ya kore su.

Na ce, "Umma, mijinta ne fa ya..." Ta ce, "Na san mijinta. Waɗannan me suka jinginar?"

Suna ɗakin Yaya yanzu. Ƙaramin yana wasa da bawul ɗin taya da na ba shi. Ban san me ya sa na ba shi ba.

Alhamis, da hantsi

Har yanzu ina jin haushi. Na rubuta don kada a ce na huce.

Asabar, da la'asar

Ya dawo.

Matarsa ce ta aika masa cewa a gidan wa 'ya'yansa suke kwana. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya tsaya daidai kan tayoyi, bai tsallako ba. Na fito. Duk maganganun da na tara masa tun ranar fenti suna bakina, a jere, na san wadda zan fara da ita.

Ya ce, "Auta, ka zage ni daga baya. Ina son ganin Baba."

Yaya ta ce a bar shi. Ya shiga ya durƙusa a gaban gado. Ya ce injin walda ya saya da bashin, babban aikin da aka yi masa alkawari ya rushe, ya ga ba zai iya haɗa ido da kowa ba. Ya ce shi gaba kawai ya yi niyyar jinginarwa, aka ce masa takarda ba ta rabuwa, ya yi shiru. Yana magana yana kuka, ni kuma ina jira in ga me Baba zai yi.

Hannun da yake motsi ya ɗaga. Na zaci ture shi zai yi. Sai ya ɗora masa a ka, ya bar shi a nan.

Na fita. Na je rumfa na yi ta bugun wata taya da ba ta yi mini komai ba.

Da yamma ya same ni. Ya ce zai je ya faɗa a gaban kowa, ko da za a rufe shi. Na ce, "In ka fasa fa?" Ya ce, "Ka san inda 'ya'yana suke."

Ban gode masa ba. Ban kai nan ba tukuna.

Talata, bayan azahar

Zaman sulhu. Dogon tebur, mai sulhu a kai, lauyan banki da mai ƙaramar murya a gefe ɗaya, mu a ɗayan. Lauyarmu ta ce mini tun a mota, "In ka buɗe baki ba a tambaye ka ba, zan tashi in tafi." Na ciji leɓe har ya fashe.

Tartsatsi ya yi magana. Ya ce gaban tayoyi kawai ya saya, kuma bai gama biya ba. Lauyan banki ya ce maganar wanda ya ci bashi ya gudu ba abin dogaro ba ce, yana iya haɗa baki da mu. Ni ma da ni ne shi haka zan ce.

Sai ga Mai Bulo, wanda ya zo don kwanonsa. Aka tambaye shi abin da yake bi, ya faɗa. Sannan ya ce yana da ƙari. Ya ce ranar da ya kawo bulon farko, yaransa sun sauke wasu a bayan tayoyi. Tsohon ya fito da sandarsa ya ce nan ba a sayar ba, a mayar gaba. Shi da Tartsatsi da kansu suka kwashe. Ya ce, "Har yau bayana yana tuna mini."

Lauyan banki ya ce, "Ka san in an cire baya, abin da za a raba ya ragu, kai ne kuma za ka fi jin jiki?"

Ya ce, "Na sani. Ni bulo nake sayarwa, ba gidan mutane ba. Kuma a sa tsohon a gabana a layin biya. Ƙasa ta riga kwano zuwa."

Lauyarmu ta ajiye hotunan gidan, da na mutanen layi a kan tayoyi, kusa da rahoton nan mai cewa babu mazauni. Mai ƙaramar murya ya daɗe yana kallon takardun biyu. Suka nemi fita su yi waya.

Da suka dawo: za a kawo safiyo mai awon fili a raba takarda. Baya namu. Gaba za a sayar, kuma wa zai fara karɓa tsakanin Baba da banki, wannan sai wani zaman. Lauya ta ce wataƙila cikon ba zai fito duka ba. Na ce cikon ya tafi, tunda gida ya tsira.

Na tambayi ina mai tef ɗin. Suka ce an canza masa wurin aiki.

A waje na kama hannun Mai Bulo da hannu biyu. Ya ce, "Sake ni, kai. Ranar nan da ƙarfe ka tare ni." Na ce na gode. Ya ce, "Yanzu ka iya."

Juma'a, da safe

Safiyo ya zo jiya. Ya kafa turakunsa daidai bakin tayoyi, ya ce wanda ya jera su yana da ido. Ya ce yanzu za a iya cire su. Umma ta ce a bar su.

Tela ya kawo ragowar farin fenti. Na shafa sau uku, jan yana leƙowa ta ƙasa. Zan ƙara.

Na gode wa Lauya, na yi mata facin tayarta, na duba sauran ukun. Na gode wa mai littattafai, na mayar masa da dokar wata ƙasa. Na gode wa Yaya da ba ta yi barcin kirki ba tun ranar. Na gode wa Umma da tabarmarta. Tartsatsi yana zuwa kullum ya taya ni ɗaga Baba zuwa kujera. Jiya na ce masa sannu. Iyakar abin da ya samu ke nan.

Mun fito da Baba tsakar gida ɗazu. Na durƙusa na ce, "Baba, gidan ya tsaya." Ya dube ni. Bakinsa ya motsa ta gefe ɗaya, ya daɗe yana ƙoƙari. Na jira. Umma ta jira. Sannan ta goge masa haɓa da bakin zanenta, ta ce, "Ya ji."

Saura mutum ɗaya. Lauya ta ce akwai zama na gaba, kuma ina da damar neman a kira shi. Na nema.

Kai mai tef, duk inda aka mayar da kai. Ka yi tuntuɓe da iyakarmu. Ka zauna a kujerar nan da Baba yake zaune yanzu. Ka sha ruwan uwata, ka nemi ƙari. Ba na son a kore ka, ba na son kuɗinka. Ka zo ranar zaman, ga mutanen layinmu duk za su zo, za mu kawo Baba a kujerarsa, Umma za ta riƙo kofin. Ka tsaya a gabansu ka faɗa da bakinka, tunda kai naka yana aiki: wa ya ba ka ruwa a filin da babu mazauni?